Lu'ulu'un da Daso ta Tono a Cikin Yashi

A gidanmu na Ba'awa, da zarar an gama yankan dawa an kai amfani rumbu, wuta ba ta mutuwa a tsakar gida bayan sallar isha'i. Kara ya samu, ciki ya cika, manya sun saki fuska. Kakarmu, wadda muke kira Iya, takan sa a jawo mata tabarma kusa da murhu, ta miƙe ƙafa, ta tura dankali cikin toka mai zafi, mu kuma jikoki mu kewaye ta, kowa yana neman ya fi kusa da gwiwarta. Doguwar mace ce siririya, hancinta kaɗai ya isa ya gaya maka akwai jinin Fulani a jikinta. Haƙoranta sun zube sai 'yan kaɗan a gaba, amma muryarta ba ta tsufa ba. Idan ta yi muryar kura, ƙanana har ƙanƙame juna suke yi.

Ni sunana Rabi. A lokacin ban kai shekara goma ba, kuma duk inda ka gan ni za ka ga Talatu, 'yar Kawu Sale, wadda ta ɗan girme ni. A tabarma ɗaya muke kwana, faɗa kuwa ba ma wuni ba mu yi ba.

Kawu Sale direba ne, yana ɗaukar fasinja daga Kwanar Dangora zuwa Kano. Wata rana ya dawo wa Talatu da tsaraba, sarƙar wuya mai fararen duwatsu, kowane a mulmule, suna ƙyalli kamar an shafa musu mai. Tun da ta saka ta wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa. Na wuni ina bin ta da ido, ko taɓawa ta hana ni.

Da muka taru a bakin wuta, sai ta matsa gaban Iya tana rangwaɗa.

"Iya, kin ga lu'ulu'una? Irin na matan sarki ne."

"To, miƙo mu gani, ranki ya daɗe," in ji Iya.

Ta ɗaga sarƙar a hasken wuta, ta jujjuya, sannan ta yi abin da ya ba mu mamaki. Ta kai ƙwaya ɗaya bakinta ta goga a haƙori.

"Roba ce, ƙawata. Kyakkyawa dai, amma roba."

Muka fashe da dariya, Talatu ta kumbura baki kamar za ta yi kuka.

"Na gaske," Iya ta ci gaba, "idan kin goga shi sai ki ji yana ɗan kartar haƙori kamar yashi. Wannan kuwa santsi gare shi kamar miyar kuɓewa."

Na ce, "Kai Iya! Ke a ina kika taɓa ɗanɗana lu'ulu'u?"

Ta ƙara kara a wuta, ta dube ni, ta dubi Talatu, ta ɗan yi murmushi.

"Yau ba labarin kura, ba na dila. Wannan ya faru, kuma na san waɗanda ya faru a kansu. Ga ta nan tafe, daga nesa ta fito, ta sha hanya."

Muka haɗa baki: "Ta ƙaraso, mun share mata wuri!"

Ta ce can kudu da mu, a gindin duwatsun da ke bayan Doguwa, an yi wani gari mai ganuwa, da sarkinsa. Mahaifiyar sarkin, wadda ake kira Hajiya Babba, ta tafi Makka a ƙasa, a zamanin da mutum kan yi sallama da gida kamar ba zai dawo ba. Ta yi shekaru a hanya kafin ta isa bakin teku, inda ake jiran jirgin ruwa.

"Iya, tekun ya fi dam ɗin Tiga girma?" Talatu ta tambaya, ta manta da fushinta.

"Tiga? Ai Tiga kwatarniya ce a wurinsa. Ruwa ne ba ka ganin ƙarshensa, ga gishiri kamar an yi ɓarin buhu."

A nan bakin ruwa Hajiya Babba ta sauka a gidan wani talaka mai sana'ar nitso. Iya ta kwatanta mana yadda yake yi, har da tashi zaune. Ya ɗaura dutse a ƙafa, ya toshe hanci, ya faɗa ruwa, ya yi ta tafiya ƙasa har inda rana ba ta kaiwa, ya kwaso wani irin katantanwa mai baki biyu, ya fito idonsa jajur. A fasa tuli guda ba a samu komai ba. Sai wanda Allah ya nufa, a buɗe a ga ƙwaya ɗaya tana haske a ciki. Muna sauraro muna riƙe numfashi ba mu sani ba.

Ana nan sai naƙuda ta kama matar mai nitson, ta zo da gardama. Matan unguwa suka yi iya yinsu suka koma gefe suna kuka. Hajiya Babba ba ta jin harshensu, su ma ba sa jin nata, amma ta karɓi haihuwa ba adadi a garinsu. Ta naɗe hannun riga ta shiga. Ba ta fito ba sai da kukan jariri, uwa kuma tana numfashi. Ranar da jirgi zai tashi, mutumin ya biyo ta bakin ruwa da wani ɗan ƙullin tsumma, ya danƙa mata. Ta ƙi karɓa, ya ajiye a ƙafarta ya juya da gudu. Da ta kwance, sai ga lu'ulu'un da ya tara tun yana saurayi.

"To a hanyar dawowa akwai 'yan fashi," in ji Iya, ta rage murya. "Ina za ta ɓoye? A kaya za a zazzage. A ɗamara za a laluba. Ku faɗa mini."

Muka yi ta kawo namu. Wani ya ce a takalmi, wani ya ce ta haɗiye. Iya tana girgiza kai, sannan ta kama kitson Talatu ta ja.

"A nan! Ta sa aka yi mata kitso, kowane layi da nasa a ciki, ta ɗaura tsohon kallabi. An tare su a hanya, an kwashe musu har tulun ruwa, amma wa zai tsaya tsefe kan tsohuwa?"

Da ta iso gida, bayan an gama koke-koken murna, ta tara matan gidan sarki, ta sa aka ajiye faifai a gabanta, ta ce a tsefe ta. Sai ji ake tas, tas, tas, fararen duwatsu suna zuba a faifai, mata suna salati. Aka shirya su a zaren alharini. Hajiya Babba ta kafa doka: sarƙar nan ba ta sarki ba ce, ta matan gidan ce. Duk 'yar gidan da za a kai ɗakin miji za ta saka ta a ranar, kuma kafin a ɗaura mata sai an faɗi hannuwan da ta biyo, tun daga mai nitso.

Iya ta tona toka da kara. "Dankali ya dahu. Saura gobe."

Muka yi ta magiya, har da rantsuwar za mu share mata ɗaki, ta ƙi. Washegari ba mu yi wani aikin kirki ba. Ni da Talatu muka cusa kai a bokiti muna gasar nitso, muka kitsa tsakuwa a gashinmu, har Innata ta biyo mu da tsintsiya. Tun kafin a idar da sallah mun haɗa wuta, mun shimfiɗa tabarma, muna jira.

Iya ta ce shekaru suka wuce, Hajiya Babba ta rasu, sarƙa ta zo hannun jikarta, Gimbiya Zainabu, wadda aka ba ajiyarta. Zainabu tana da goyon ɗa namiji, ko zama bai fara ba. A tsakiyar damina mahara suka faɗo wa garin. Maza suka fita tare su a ƙofar gabas, aka ce mata su fice ta baya, kowa ta yi ta kanta. Zainabu ta goya ɗanta, ta zuba sarƙar a 'yar jakar fata ta rataya a wuya, ta shiga daji. Cikin ruɗani ta rabu da sauran. Ga ruwan sama, ga ƙaya, ga ta ba ta saba tafiyar ƙasa ba. Tana cikin gudu sai ta ci karo da kogi ya cika ya batse, yana tafe da itatuwa. A bayanta kuma tana jin ihun mutane yana matsowa.

A bakin kogin akwai wata Bafulatana, matashiya, sunanta Daso, tana ƙoƙarin tsallakar da shanunsu zuwa ruga a ɗaya gaɓar. Iya ta canja murya, ta yi Hausar Fulani, muka ƙyalƙyale duk da tsoron da muke ji.

"Ke baiwar Allah, kin iya ruwa?"

"Ban iya ba."

"To nagge ta iya. Kama wutsiyar wannan farar. Kome za a yi, kada ki saki."

Suka faɗa ruwa. Saniya tana ninƙaya, Zainabu tana riƙe da wutsiya da hannu ɗaya, ɗayan ta dafe jakar da ke ƙirjinta, don ruwa ya riga ya tsinka igiyar. Daso tana gaba tana yi wa shanu kira. Sun kai tsakiya, inda ruwan ya fi ƙarfi, sai Zainabu ta ji zanen goyo yana kwancewa. Ta ji yaro yana zamewa daga bayanta.

Iya ta tsaya. Ta ɗaga hannuwanta biyu a hasken wuta.

"Hannu nawa gare ta?"

"Biyu!"

"Ɗaya yana wutsiya. In ta saki, ita da ɗan sun tafi. Ɗaya yana kan abin da kakarta ta ɗauko a ka tun daga bakin teku, amanar matan gidansu gaba ɗaya."

"Ta saki jakar!" na yi ihu, har na miƙe tsaye. "Iya, ki ce ta saki!"

"Zauna, ke kika ba ta shawara? Ai kafin ki buɗe baki ta saki. Ta kai hannu baya ta cafko ƙafar yaro. Jaka kuwa ko waiwayenta ba ta yi ba."

Muka sauke ajiyar zuciya gaba ɗaya, har ƙanwata ta fara tafi. Suka haye. Daso ta kai ta rugarsu, Zainabu ta zauna a can har hankali ya kwanta, mutanen gari suka nemo ta suka mayar da ita gida. Iya ba ta tsaya a kan zaman ruga ba, a numfashi ɗaya ta wuce shi. Ta ce da Zainabu ta koma, wasu tsofaffin gidan suka yi ta jimamin sarƙa, har da masu cewa ta yi sakaci. An yi bukukuwa a shekarar, amare suka fita wuya wayam.

Rani ya zo, kogin nan da ya so cin rai ya ƙafe, ya zama yashi. Daso ta sauka da ƙwarya tana tonon ruwa a gindin wani ɓaure da saiwoyinsa suka shiga gaɓa. Tana tono sai hannunta ya taɓa ruɓaɓɓiyar fata. Ta ja, fata ta yage, wani abu fari ya gangaro cikin ƙwarya. Ta gane. Ta bar ɗiban ruwa, ta koma ruga ta ɗauko rariya, ta yi ta tankaɗe yashin wurin, yau da gobe, har mutanenta suka fara cewa ko aljanun kogi sun taɓa ta. Ba ta samu duka ba, kogi ya ci rabonsa, amma ta samu mafi yawa. Ta ƙulle a bakin zane, ta ɗora ƙwaryar nono a ka, ta kama hanyar gari.

A ƙofar fada dogarai suka tare ta.

"Ina za ki? Nan ba kasuwa ba ce."

"Wurin Zainabu na zo."

"Ji mini mai nono! Gimbiyar ce Zainabu a bakinki? Wuce kafin ranki ya ɓaci."

Daso ba ta yi musu ba. Ta zagaya bayan katanga, ta tsaya, ta ɗaga murya ta yi kiran da take yi wa shanu, irin wanda ta yi a tsakiyar kogi. Iya ta yi mana kiran, dogo, mai kaɗawa, har akuyar gidanmu ta amsa daga turke.

"Zainabu tana zaune ana yi mata kitso," in ji Iya, idonta yana ƙyalli. "Da ta ji, sai ta ture mai kitso. Ba mayafi, ba takalmi, kai rabi a tsefe, ta ratsa soro, ta ratsa zaure, ta wuce dogarai suna sunkuyar da kai. Matar da ko inuwarta ba a gani a waje! Ta rungume mai nono a gaban jama'a tana kuka tana cewa, 'Yayata! Yayata ce!' Ku lura fa, ba ta san da wata sarƙa ba tukuna. Murya kawai ta ji."

Zainabu ta ja Daso har ɗakinta, ta zaunar da ita a kan shimfiɗarta, ita ta zauna a ƙasa. Sai a lokacin Daso ta kwance bakin zane. Iya ta ce guɗar da aka yi a gidan ranar, har a kasuwa an ji. Da aka zo sake shirya sarƙar a sabon zare, Zainabu ta ware ƙwaya ɗaya ta sa a tafin Daso ta dunƙule mata hannu, ta ce, "Ki kai gidanku. Duk wanda ya tambaya, ki ce kina da ƙanwa a fada."

"Wannan ita ce 'yar sarki," Iya ta ce, tana kaɗa yatsa. "Ba kaya ke sa a kira mutum haka ba. Ba ta manta ba, kuma ba ta ji kunyar a gani ba."

Talatu ta ce, "Iya, to wa ya gaya miki duk wannan?"

"Daso ce ta gaya mini. A kan cinyarta na ji. Ita ta haifi innata."

Wurin ya kaure. Kowa yana magana, ba mai jin wani. Iya ta dafa kafaɗata ta ce in shiga ɗakinta, a ƙarƙashin gado akwai 'yar kwalla mai murfi, in ɗauko. Na tafi na ɗauko. Ta buɗe, ta fitar da ƙullin tsumma, a cikinsa wani ƙullin, a cikinsa kuma wani. Muka haɗa kai har muna gware.

Gaskiya da farko na ɗan ji sanyin gwiwa. Bai kai ƙwayar wake ba, ya yi ruwan ƙwai-ƙwai, gefe ɗaya ma a ɗan taɓe yake. Na Talatu ya fi shi haske nesa ba kusa ba. Amma da Iya ta karkata tafinta wajen wuta, sai na ga wani haske yana motsi a cikinsa, ba a bayansa ba, kamar wata a cikin rijiya. Ta bar mu muka goga a haƙori ɗaya bayan ɗaya, tana riƙe da haɓar kowa kada a haɗiye. Na ji kartar nan, na ji tsigar jikina ta tashi. Abin da ya fito daga ƙarƙashin teku, ya kwana a kan Hajiya Babba, ya yi damina a kogi, yau ga shi a bakina a Ba'awa!

Talatu ta fara kwance tata sarƙar a hankali. Iya ta riƙe hannunta.

"Bar ta a wuyanki. Babanki ne ya tuna da ke a tsakiyar kasuwa ya sayo. Ita ma tana da labarinta." Ta mayar da ƙulli cikin kwalla. "Ƙurunƙus. Wadda ta ce ƙarya ce, ita za ta kwashe toka da safe."

Iya ta rasu ina budurwa. Lu'ulu'un ya koma hannun Talatu, don ita ce babba a cikinmu mata, ta tafi da shi Riruwai inda ta yi aure. Ni kuma na zauna a Tudun Wada, na kama sana'ar ƙunshi da kitson amare, ana kira na biki tun daga Bebeji har Doguwa. Da na girma na fara tunanin ko Iya ta ƙara gishiri, don ba ta taɓa faɗin sunan garin ba, ko ta manta ko ba a gaya mata ba. Duk da haka, idan aiki ya kai ni gidan sarauta, idona yana kan wuyan amarya. Gwal nake gani, gwal a kan gwal. Har na daina sa rai.

Bara waccan aka kira ni wani tsohon gidan sarauta a kudancinmu, ba zan faɗi garin ba. Na gama wa amarya ƙunshi, an yi mata kwalliya, ina tattara kayana a gefe. Sai 'yan mata suka kashe waƙar da ke tashi a waya. Wata tsohuwa ta shigo tana dogara sanda, ana ce mata Hajiya Goggo, ƙanwar kakan amarya. A hannunta akwai ɗan akwati. Ta zauna, ta buɗe, ta ɗago wata gajeriyar sarƙa mai duwatsu ruwan ƙwai-ƙwai, ba su ma yi daidai da juna ba. Ta riƙe ta a saman kan amarya ta fara magana kamar mai karatu.

"Daga ruwan gishiri zuwa hannun mai nitso. Daga hannunsa zuwa kan Hajiya Babba. Daga kanta zuwa 'ya'yanta, zuwa Zainabu. Daga Zainabu zuwa kogi."

Kwanon lalle ya suɓuce daga hannuna.

"Daga kogi zuwa hannun Inna Daso, wadda ta shayar da kakanmu."

Ban san lokacin da na ce, "Daso kakar kakata ce!" ba. Duk ɗakin aka juyo. Wata ta ce, "Mai ƙunshi, lafiya?" Kunya ta kama ni, na durƙusa.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Bakina ne ya riga ni."

Hajiya Goggo ta daɗe tana kallona. "Matso nan, 'yata. Me kika sani game da ita?"

Na faɗa mata: farar saniya, zanen goyo, gindin ɓaure, rariya, da ƙwaya ɗaya da ke Riruwai a hannun 'yar'uwata. Da na zo kan yadda Zainabu ta fito ba takalmi ba mayafi ta rungume mai nono a gaban dogarai, sai tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Ba takalmi? Wallahi ba mu taɓa jin wannan ba. Mu dai an ce mana Inna Daso ta kawo, an karɓa."

"Ranki ya daɗe, ni kuma ban taɓa jin maganar shayarwa ba."

"Ba ku sani ba?" Ta dubi matan ɗakin. "Kun ji, ba su sani ba! Ai da suka haye kogin nan, tsoro da zazzaɓi suka kwantar da Zainabu, nononta ya ƙafe. Yaro ya yi kuka har muryarsa ta dushe. Inna Daso tana da tata jaririyar. Ta ɗauke shi ta sa a ƙirji, 'yarta a ɗaya gefen, haka har damina ta fita, ga jinyar uwar. Mahara sun zo rugar suna tambaya, ta ce tagwaye ta haifa. Yaron nan shi ne kakanmu. Duk wanda kika gani a gidan nan, daga shi ya fito." Ta kama hannuna, duk lalle, ba ta damu ba. "Jaririyar nan fa?"

"Ita ta haifi kakata."

"To ai ke ba baƙuwa ba ce. Nono ɗaya aka sha. Tashi ki ɗaura wa ƙanwarki."

Na wanke hannu, na karɓi sarƙar. Ta fi yadda na zata nauyi, ga sanyi. Ina ɗaurawa ina kuka, amarya tana kuka, wata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Da na fito ban jira na isa gida ba, a bakin titi na kira Talatu. Na ce ta nemi wuri ta zauna tukuna. Ihun da ta yi, har mai babur ɗin da ke jirana ya ji.

Na daɗe ina juya abin nan a raina. Ina yarinya na ɗauka darasin Iya shi ne rai ya fi dukiya, kuma haka ne. Amma abin da ya fi tsaya mini yanzu daban ne. Daso ta zaunar da jikarta a cinya ta ba ta labarin nan tun daga teku, ta faɗi kirkin gimbiya dalla-dalla, amma damina guda da ta yi tana shayar da ɗan wata, da ƙaryar da ta yi wa masu takobi don ta tsare shi, ba ta ga abin faɗa a ciki ba. Zainabu ma ta bar wa gidansu sunan Daso a cikin jerin sunayen gimbiyoyi, ta yi shiru a kan gudun da ta yi ba takalmi. Kowace ta ajiye alherin 'yar'uwarta ta bar wa jikoki, nata kuwa ta tafi da shi kabari. Mu a Ba'awa muna riƙe da rabi, su a fada suna riƙe da rabi, kowa yana yabon gidan wani, ba wanda ya sani.

Da ƙaramar sallah muka koma gidan, ni da Talatu da 'ya'yanmu, mota guda. Hajiya Goggo ta sa aka yi mana shimfiɗa a ɗakinta, ba a ɗakin baƙi ba. Da yamma ta tara yaran gidan da namu a tsakar gida, ta ce ita za ta fara labarin, in ta iso bakin kogi ni in karɓa.